Mai Ceton da Ya Sha Wuya, da Dogarar da Ba Ta Ciniki

(Jawabin da aka gabatar a taron dattawa da shugabannin ƙungiyoyin ikkilisiya)

  Mun san waɗansunku tun asuba suka baro gida, waɗansu kuma sai da suka jira motoci suka taru kafin su kama hanya, saboda halin da hanyoyinmu suke ciki. Ubangiji da ya kawo ku ya mai da kowa gidansa lafiya.

An karanta mana Ishaya sura 53 da Daniyel sura 3. Ku bar yatsa a wuraren nan biyu, gama za mu riƙa komawa gare su. Abin da kwamiti ya ɗora mana mu yi magana a kai shi ne shan wuyar Mai Cetonmu da dogara ga Allah. Da a ce muna zaune inda majami'a take a kowane lungu, da sai a ajiye wannan kan magana har makon Ista. Amma a garuruwan da muke, magana ce ta kowace Lahadi. Da wuya a sami dattijo a nan da bai taɓa shiga gidan makoki ba, gwauruwa ta dube shi ta ce, "Baba, ina Allah yake ranar nan?" Mukan ce mata, "Sai haƙuri, Mama." Ita ma takan ce, "Haƙuri ya zama dole." Mu tashi mu fita, tambayar kuwa tana nan a tsakar ɗaki ba wanda ya taɓa ta.

Bari mu fara da gicciyen kansa, domin mun saba da shi har ya daina ba mu tsoro. Mun rataya shi a wuya, mun buga shi a zanen Zumunta, mun kafa shi bisa rufin majami'a. A wurin Romawa kuwa gicciye hukuncin bayi ne da 'yan tawaye. A shekara ta 71 kafin haihuwar Almasihu, bayan an murƙushe tawayen bayi da Spartakus ya jagoranta, an gicciye mutum wajen 6,000 a jere a bakin babbar hanyar da ke shiga Roma, domin duk mai wucewa ya gani ya shiga taitayinsa. Tsirara ake rataye mutum a bainar jama'a, wani yakan kwana biyu yana jan numfashi kafin rai ya fita. A 1968 masu tonon kayan tarihi a Urushalima sun sami ƙasusuwan wani Bayahude na ƙarni na farko, ƙusar ƙarfe tana nan cake a ƙashin diddigensa. Ga Bayahude kuma abin ya fi haka muni, domin Maimaitawar Shari'a 21:23 ta ɗauki wanda aka rataye a itace a matsayin la'ananne. Shi ya sa Bulus bai ɓoye wa Korintiyawa ba cewa Bayahude yakan yi tuntuɓe da wannan wa'azi, Baheleni kuma ya ɗauke shi hauka. A 1857 an gano wani zane da aka karce a jikin bango a birnin Roma: mutum mai kan jaki a bisa gicciye, wani yana tsaye ya ɗaga masa hannu, an kuma rubuta cewa ga Alekzamenos yana yi wa allahnsa sujada. Ba'a ce ake yi wa wani Kirista. Yaronmu da 'yan ajinsu suke yi wa dariya a filin makaranta ya sani ba a kansa aka fara ba.

Maƙwabtanmu Musulmi suna girmama Annabi Isa ƙwarai, amma koyarwarsu ba ta yarda ya mutu a kan gicciye ba. A nan muka rabu da su, ya kamata mu san haka, mu kuma iya faɗinsa da ladabi. Abin da ya fi damun mu shi ne Kiristan da bakinsa ya yarda da gicciye, zuciyarsa kuwa tana jin kunyarsa. Wannan cuta tsohuwa ce. Tun manzanni ba su gama mutuwa ba waɗansu suka fara koyar da cewa Yesu kamannin jiki kawai ya ɗauka, wuyar da ya sha ta ganin ido ce. Da irinsu wasiƙar Yohanna ta fari take faɗa. Ignatiyus, bishop na Antakiya, ana tafe da shi a ɗaure zuwa Roma wajen shekara ta 110 domin a jefa shi ga namomin jeji, ya yi musu tambaya mai nauyi: in wahalar Almasihu ta ƙarya ce, shi me ya kai shi ɗaukar sarƙa ta gaske?

A zamaninmu cutar ta sake riga. Ta shigo da fosta da lasifika da kwalbar mai. Ana gaya wa mutanenmu cewa ɗan Allah ba ya ciwo, ba ya talauci, harsashi ba ya taɓa shi, in kuwa wani abu ya same shi, to, ya bincika kansa, ko bai shuka iri ba, ko akwai la'ana a gidansu. Mun yarda Allah yana warkarwa, yana kuma kuɓutarwa, mun gani da idonmu. Amma wanda ya cika majami'a da wannan wa'azi a babban birni ba shi ne zai zo ya binne gawa tare da mu a ƙauye ba. Mu ne za mu tsaya a gaban matar da aka gaya wa cewa bangaskiya tana hana mutuwa, ga shi kuwa mijinta, mai bishara, an kashe shi a gona.

Ku koma Ishaya 53. A 1947 wani makiyayi ya tsinci tsofaffin littattafai a kogon Kumran, bakin Tekun Gishiri. A cikinsu akwai littafin Ishaya cikakke, wanda aka kwafa fiye da shekara 100 kafin haihuwar Yesu, wannan sura kuma tana ciki. Saboda haka ba Kirista ne suka cusa ta daga baya ba. Annabin ya nuna mana Bawan Ubangiji wanda ba shi da abin jan ido, mutane sun raina shi, suna kau da kai in ya wuce, ya san ciwo kamar yadda mutum ya san maƙwabcinsa. Amma aya ta 4 muke so ku duba da kyau. Masu kallo sun ga wahalarsa, suka yanke hukunci cewa Allah ne ya buge shi saboda laifinsa. Hukuncin da abokan Ayuba suka yanke ke nan. Shi ne almajirai suka yanke a Yohanna 9 da suka ga makaho suka fara neman mai laifi tsakaninsa da iyayensa. Annabin ya ce masu kallon sun yi kuskure: laifin da ake hukunta shi a kai nasu ne, shi ba shi da ko ɗaya. In mutum mafi adalci da ya taɓa taka ƙasa ya sha wuya haka, to, bakin kowa ya mutu a kan cewa wahala alamar fushin Allah ce a kan mai shan ta.

Wannan surar ce ma'ajin sarauniya Kandis yake karantawa a cikin karusarsa sa'ad da Filibus ya same shi, a Ayyukan Manzanni 8. Mutumin nan daga mulkin Merowe yake, a ƙasar da yau ake kira Sudan. Wanda aka tilasta wa ɗaukar gicciyen Yesu kuma, Saminu, mutumin Kurane ne, a Libiya ta yau. Mun faɗi wannan ne a gefe, saboda masu ce mana addinin Turawa muke bi.

Me Yesu ya sani game da halinmu? Yana jariri aka gudu da shi Masar da dare, ya zama ɗan gudun hijira. An sare kan ɗan'uwansa Yohanna Mai Baftisma a kurkuku don a faranta wa 'yan biki rai. Mutanen garinsu, waɗanda suka san gidan ubansa, sun so su tura shi daga kan dutse. Abokin cin tuwonsa ne ya nuna shi. An kawo masu shaidar zur, aka ɗora masa laifin saɓo, taro ya yi ta ihu, alƙalin da ya san ba shi da laifi ya wanke hannu don kada ya rasa kujerarsa. Wanne ne a cikin waɗannan baƙo a gare mu? Wanda ya tuna yadda aka kashe Deborah Samuel a Sakkwato ranar 12 ga Mayu 2022 ya san abin da taro mai ihu yake iya yi. Hausawa sun ce jiki magayi. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa, a sura 2 da 4 da 5, ta ce Babban Firist ɗinmu a jikinsa ya koyi wannan, da kuka mai ƙarfi da hawaye, shi ya sa yake iya taimakon wanda ake gwadawa. Saboda haka in gwauruwa ta tambaye ka inda Allah yake ranar nan, ba ka da bayanin dalili, kada kuwa ka ƙirƙiro. Amma kana da abin da za ka faɗa da gaskiya: Allahn da muke bauta wa ya taɓa tsayawa a inda mijinki ya tsaya, a gefen wanda ake kashewa.

Yanzu mu shiga Getsamani, gama a can ne dogara take. Sau uku Yesu ya roƙi Uban a ɗauke masa ƙoƙon wahala. Ba a ɗauke ba. Wa zai ce bangaskiyarsa ce ta gaza? Wa zai ce akwai ɓoyayyen zunubi? Luka ya ce an aiko mala'ika ya ƙarfafa shi, amma sojoji sun zo duk da haka. Ya faɗi abin da yake so a fili, bai yi kara ba, sa'an nan ya miƙa nufinsa ga nufin Uban, ya tashi ya tarye su.

Haka samarin nan uku na Daniyel 3. Mukan so labarin saboda ƙarshensa, wuta ba ta ko taɓa gashin kansu ba. Amma zuciyar labarin tana aya ta 18, tun ba su san ƙarshen ba. Sun gaya wa Nebukadnezzar cewa Allahnsu yana da iko ya cece su, suka kuma ƙara da cewa ko bai cece su ba, gunkin nan dai ba za su rusuna masa ba. Ba su yi ciniki da Allah ba. Da yawa daga cikinmu dogararmu irin ta kasuwa ce: na ba ka zakka, ka ba ni tsaro, na yi azumi, ka ba ni lafiya. In kaya ba su zo ba, sai mutum ya ce an cuce shi, ya nemi wata rumfa.

Ku duba Ayyukan Manzanni 12. Wajen shekara ta 44, Hirudus Agaribas ya kama Yakubu ɗan'uwan Yohanna ya kashe shi da takobi. Ya kama Bitrus kuma, amma mala'ika ya fitar da shi da dare. Sarki ɗaya, gari ɗaya, ikkilisiya ɗaya, manzanni biyu da suka hau dutse tare da Yesu suka ga ɗaukakarsa. Luka bai ba mu dalilin bambancin ba. Ibraniyawa 11 ma haka take. Har zuwa tsakiyar aya ta 35 ana lissafa waɗanda suka rufe bakin zakoki suka tsira daga takobi, daga nan sai maganar ta juya ga waɗanda aka jejjefa, aka tsaga da zarto, suka yi ta yawo a kogwanni. Duka biyu an ce ta wurin bangaskiya ne.

Tarihinmu ma haka yake. Mutum uku suka sauka Legas a Disamba 1893 da nufin kawo bishara ƙasar Sudan, kamar yadda ake kiran yankinmu a lokacin. Kafin 1894 ta ƙare, Walter Gowans ya mutu a Girku, Thomas Kent ya mutu a Bida, Rowland Bingham kaɗai ya koma gida. Ba su yi wa ko mutum ɗaya baftisma ba, amma daga wannan tafiya aikin da ya haifi ECWA ya fito. Ƙauyen Kirista na Gimi a ƙasar Zazzau, inda zuriyar Isawa suka taru a zamanin Dokta Miller, ciwon barci ne ya watsa shi, ba takobi ba. A Garkida aka yi sujada ta farko a gindin tsamiya ranar 17 ga Maris 1923, ranar 29 ga Oktoba 2014 kuma 'yan Boko Haram suka mamaye hedkwatar EYN a Kwarhi, shugabanni suka yi zaman hijira a Jos. 'Yan'uwanmu na Nijar sun ga nasu a Janairu 2015, sa'ad da aka ƙone majami'u fiye da 40 a Yamai da Damagaram cikin kwana biyu.

Daga cikin 'yan mata 276 da aka sace a Chibok ranar 14 ga Afrilu 2014, 57 sun tsere tun a farko, an sako 21 a Oktoba 2016, an sako 82 a Mayu 2017, amma har aka cika shekara 10 fiye da 80 ba su dawo ba. Iyayen nan duka sun yi addu'a, waɗansu a benci ɗaya suke durƙusawa. A Dapchi an kwashe 'yan mata 110 a Fabrairu 2018, aka mai da mafi yawansu bayan wata guda, aka riƙe Leah Sharibu domin ta ƙi musun Ubangijinta. Rabaran Lawan Andimi, shugaban CAN na Michika, an kama shi a farkon Janairu 2020. A bidiyon da masu riƙe da shi suka fitar, ya yi magana a natse, ya nuna bai karaya ba domin kowane hali a hannun Allah yake, ya roƙi a kula da iyalinsa. Dubban mutane sun yi addu'a a sake shi. An kashe shi ranar 20 ga watan. Wannan ita ce aya ta 18 a bakin mutumin ƙasarmu.

Daga nan muna da roƙo ga masu bi da sujada, game da lokacin shaida. Daidai ne wanda Allah ya kuɓutar ya tashi ya yi godiya, a yi guɗa, a buga ganga. Amma a koya wa mutane yadda za su faɗe ta. In wani ya tashi ya ce, "An tare motarmu, an kwashe kowa, ni kaɗai Allah ya fitar domin ba na wasa da zakka," ya tuna uwar wanda ba a fitar ba tana zaune a layi na uku. Bitrus da ya fito daga kurkuku ya ba da labarin abin da Ubangiji ya yi, bai ce ya fi Yakubu ba.

Sai maganar haƙuri. Kalma ce mai kyau, mun gāje ta, mun kuma san mahaƙurci mawadaci ne. Amma sau da yawa in mun ce "sai haƙuri," abin da muke nufi shi ne a yi shiru, abin da ya faru ya faru, ba yadda za a yi. Sabon Alkawari yana da wata kalma ta Helenanci, hupomone, wadda ake fassara mana da jimiri. Asalin ma'anarta tsayawa a ƙarƙashin kaya. Ku tuna da matar da ta ɗauko itace daga daji, wuya yana ciwo, gumi yana zuba, ba ta yar ba, domin ta san akwai gida a gaba, akwai yara masu jiran tuwo. Mai jimiri yana jin nauyin, yana iya yin nishi, amma ya san inda za shi. Shi ya sa Littafi Mai Tsarki bai hana kuka ba. Wajen kashi ɗaya cikin uku na Zabura kuka ne da ƙorafi a gaban Allah. A kan gicciye Yesu da Zabura 22 ya yi addu'a, yana tambayar Allah dalilin da ya yashe shi, amma ku lura, har a cikin tambayar yana kiransa Allahnsa. Ya yi hawaye a kabarin Li'azaru, ko da yake ya san zai tashe shi. Waɗanda suka binne Istifanas an ce masu ibada ne, an kuma ce sun yi makoki mai zafi. Saboda haka, iyayenmu mata, in kun je gaisuwa kada ku ce wa mai kuka, "Ke ba Kirista ba ce? Share hawayenki." Abokan Ayuba sun yi daidai kwana bakwai da suka zauna a ƙasa tare da shi shiru. Da suka buɗe baki ne suka ɓata.

Dogara ga Allah kuma ba naɗe hannu ba ne. Da wani dogari ya mari Yesu a gaban babban firist, ya tambaye shi dalili. Shi ne ya ce wa almajirai in an tsananta musu a wani gari su gudu zuwa wani, an kuwa zurarar da Bulus a cikin kwando ta bangon Dimashƙu, don haka kada a kira wanda ya kwashe iyalinsa ya bar gari matsoraci. A Filibi Bulus ya ƙi fita daga kurkuku a ɓoye, ya ce sai mahukunta sun zo da kansu, domin sun doke ɗan ƙasar Roma ba shari'a. Daga baya ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar. Mu ma muna da sashe na 38 na tsarin mulkin 1999, wanda ya ba kowane ɗan Najeriya 'yancin addini, har da na sauya shi. In an hana mu takardar filin majami'a, ko an bar yaranmu ba malamin addinin Kirista a makarantar gwamnati, mu rubuta, mu bi, mu sake bi. In an kashe mana mutane, sakataren ikkilisiya ya rubuta suna da rana da wuri, kada su zama "mutane da dama" a bakin rediyo. Nehemiya ya yi addu'a, ya kuma sa masu tsaro a kan garu dare da rana.

Amma akwai ƙofa biyu da muke roƙon dattawa su tsare. Ta farko ramuwa. Matasanmu sun gaji, mun sani, sukan ce kunci biyu ne kawai da mutum, an kuwa mare su duka. Ku tuna musu da 2004. A Fabrairu an kashe Kirista a Yelwan Shendam, har da waɗanda suka fake a cikin majami'a. A farkon Mayu aka kai harin ramuwa, aka kashe Musulmi ɗaruruwa. Bayan kwana kaɗan wa ya biya? Kiristan Kano, waɗanda yawancinsu ba su taɓa ganin Yelwa ba. Abin da aka yi inda muke da yawa, mu da muke 'yan tsiraru ne muke karɓar sakamakonsa. Ko ba don wannan ba ma, Ubangiji ya sa Bitrus ya mai da takobinsa kube, ya kuma warkar da kunnen Malkus, wanda ya zo kama shi. Ku tuna musu kuma cewa maƙwabtanmu ma suna binne nasu. Fiye da mutum 100 aka kashe a babban masallacin Kano ranar 28 ga Nuwamba 2014. A Yunin 2018 kuma, a ƙauyen Nghar na Barkin Ladi, Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye mutum 262, yawancinsu Kirista, a masallaci da gidansa, ya tsaya a gaban maharan ya hana su shiga. Wanda zai ɗauki adda ya nufi unguwar Musulmi ya sani yana iya sarar irin wannan dattijo.

Ƙofa ta biyu laya ce. Ba asiri ba ne cewa akwai samarin da suke waƙa a kwaya ranar Lahadi da guru a ƙugu, sun je an yi musu maganin bindiga da na ƙarfe. In ka tambaya sai a ce, "Baba, Allah ya ce tashi in taimake ka." Wannan shi ne rusuna wa gunki da samarin Babila suka ƙi. A yi musu magana a keɓe, da ƙauna, gama tsoro ne ya kai su, amma kada a kau da kai.

Akwai abu ɗaya da ya rage, shi ne kuwa ya fi nauyi a zuciyarmu. Da Yesu ya tashi daga matattu, jikinsa na ɗaukaka bai shafe tabon ƙusa ba. Da tabon ne Toma ya gane shi. Yau a cikin ikkilisiyoyinmu akwai masu tabo da ba mu san yadda za mu yi da su ba. Akwai matan da suka dawo daga daji bayan shekaru, waɗansu da goyo a baya, ɗan wanda ya kashe ubansu. Akwai waɗanda aka ɗora wa bindiga a kai suka faɗi abin da aka ce su faɗa. Sun dawo, ana nuna su da baki, ana kiran 'ya'yansu da mugun suna, mata ba sa so su zauna kusa da su, waɗansu mazan sun ƙi karɓarsu. Mun ji ana muhawara a majalisun dattawa ko za a ba su Jibin Ubangiji.

Ikkilisiyar Afirka ta taɓa wannan muhawara. A shekara ta 250 Kaisar Desiyus ya ba da doka kowa ya yi hadaya ga allolin Roma ya karɓi takardar shaida. Kirista da yawa sun yi, waɗansu kuma sun sayi takardar. Da tsananin ya lafa, suka dawo suna kuka a ƙofar ikkilisiya. Wani shugaba a Roma, Nobatiyan, ya ce har abada ba za a karɓe su ba. Sifiriyan, bishop na Kartaj a Tunisiya ta yau, ya tara majalisa a 251, aka yanke cewa a duba kowa bisa ga halinsa, a bi da shi ta hanyar tuba, a mai da shi cikin zumunta. Sifiriyan ba mai sakaci da bangaskiya ba ne, gama shi kansa an sare kansa saboda ita a 258. Kafin su duka, Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau uku, ba bindiga a kansa, baranya ce kawai ta tambaye shi a bakin wuta. Yesu ya gasa masa kifi a bakin teku, ya tambaye shi ko yana ƙaunarsa, ya danƙa masa tumakinsa. In haka aka yi da wanda ya yi musu da bakinsa, ina ga yarinyar da aka sace tana shekara 15, aka yi mata auren dole? Wannan ba mai tuba ba ce da za a zaunar a bencin horo. An yi mata laifi ne. Jaririn da ke bayanta kuma bai zaɓi ubansa ba.

Yana rataye, numfashi yana yi masa wuya, Yesu ya dubi mahaifiyarsa ya dubi Yohanna, ya haɗa su uwa da ɗa, Yohanna kuwa ya kai ta gidansa tun daga ranar. Saboda haka ga abin da muke roƙo kowace majalisar dattawa ta yi kafin taro na gaba. A zauna a rubuta sunan kowace gwauruwa da kowane maraya da kowane wanda ya dawo daga hannun masu garkuwa a ikkilisiyarku. A gaban kowane suna a rubuta gidan da zai ɗauki nauyinsa, wa zai biya kuɗin makaranta, wa zai fitar da matasa gayya a gonarta in damina ta faɗi. Inda dangin miji suka kwashe gona da kayan ɗaki suka bar mace da yara, ko da ɗan majalisar dattawa ne ya yi, a kira shi a zauna da shi. Matan da suka dawo da goyo kuwa, shugabar Zumunta ta je da kanta ta ɗauko su ranar Lahadi, ta zauna kusa da su, fasto kuma ya karɓi jaririn a hannunsa a gaban jama'a ya sa masa albarka da sunansa. Sakatarori su kawo mana rahoton abin da aka yi a rubuce.

Bari mu tashi tsaye mu yi addu'a. Duk wanda yake da wani nasa a hannun masu garkuwa, ya ambaci sunansa da ƙarfi, mu kuwa za mu amsa da Amin.